Ƙaramin jirgin ruwa zuwa Andalus: amsa ga Hajiyar da ke son kai mahaifinta

Wata Hajiya daga Zango, a nan Damagaram, ta aiko da tambaya. Mahaifinta malami ne, ya haura saba'in, ya sauke farali ya yi Umra, kuma tun tana ƙarama take jin yana ambaton Andalus, ƙasar da Musulmi suka taɓa mulka a Sifaniya, a wajen karatu. Ta ga tallan wani ƙaramin jirgin ruwa na alfarma mai bin gaɓar teku daga tsohon gari zuwa tsohon gari, Lisbon, Kadis, Ishbiliya, Ɗanja, Malaga, kwana bakwai. Kuɗinsa ya ninka na manyan jirage nesa ba kusa ba. Tana son ta san abin da ake saya da wannan ƙarin, da kuma ko dattijo mai ciwon gwiwa da ciwon suga zai iya.

Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya sa ki gama da iyaye lafiya. Shirya wa mutane tafiya shi ne aikina tun da daɗewa, na kuma raka baƙi a irin waɗannan jirage, saboda haka zan faɗa miki yadda nake ganin abin, har da inda ban yarda da masu talla ba.

Hotunan da suke nunawa, gado da farin zane, faranti da ɗan abinci a tsakiya, ma'aikaci da tawul a hannu, duk gaskiya ne. Amma babban otal a Kasablanka ma zai yi miki wannan a kuɗin da bai kai haka ba. Abin da kuɗinki ke saya, wanda ba a samunsa wani wuri, shi ne inda jirgin ke iya tsayawa da daɗewar da yake yi a wurin.

Mu fara da girman jiragen, don kalmar "ƙarami" tana ruɗin mutane. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa mita 365 ne, kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Jiragen SeaDream guda biyu kuwa kowanne fasinja 112 ne da ma'aikata 95, kusan kowane baƙo da nasa mai hidima. Kamfanin Ponant na Faransa yana da masu ɗaukar 184 da masu 264. Windstar na da masu 148, da 312, da 342. Na Seabourn suna kaiwa 600, kuma har su ana lissafa su cikin ƙanana. To tsakanin 112 da 600 akwai tazara, kuma kowanne da irin tashar da yake shiga.

Wasu tsoffin garuruwa an yi tasoshinsu ne a zamanin jiragen katako masu tafiya da iska. Ruwan ba zurfi, mashigar ƙunci gare ta, garin kuma yana nan manne da bakin ruwa. Kin san yadda tirela ke tsayawa can bakin gari ta sauke kaya, adaidaita kuwa ta kutsa lungunan Birni har ƙofar fada. Haka babban jirgi da ƙarami suke.

Ishbiliya, wadda za ki gani a takarda an rubuta Sevilla, ita ce ta fi nuna wannan, kuma ita ce dalilin da zai sa in yarda a biya kuɗin. Ba a bakin teku take ba. Tana kan kogin Guadalquivir, sama da kilomita 80 daga teku. Babban jirgi ba ya shiga kogin. A Kadis yake tsayawa, a loda mutane a bas, a yi tafiyar kusan kilomita 120, a sauke su da hantsi, a bi da su a guje bayan wani mai riƙe da ƴar tuta, kafin la'asar a sake loda su. A takardar talla kuma za a rubuta musu cewa sun je Ishbiliya. Ƙaramin jirgi yana jiran cikar teku ne, ya shiga bakin kogin ta Sanlúcar, ya yi ta hawa a hankali na awanni, gonakin shinkafa da tsuntsayen fadama dama da hagu, ya bi ta ƙofar ruwa mai tsare tashar daga cika da janyewar teku, ya zo ya ɗaure a tashar Las Delicias, gefen lambun María Luisa, cikin gari. Da yawansu suna kwana a nan. Daga wurin zuwa Giralda taksi na ƴan mintuna ne. Giralda ita ce hasumiyar babban masallacin da sarakunan Musulmi na daular Muwahhidun suka gama a 1198. Bayan garin ya faɗa hannun Kiristoci a 1248 aka mai da masallacin coci, daga baya aka rushe shi aka gina wata babbar coci a gurbinsa, amma hasumiyar da farfajiyar alwala mai itatuwan lemo suna nan. Abin da zai yi wa gwiwar Malam daɗi: cikin hasumiyar gangara ce ake bi ana zagayawa, hawa sama da talatin, sai can ƙarshe ne ake samun ƴan matakala. Ko bai kai sama ba, zai iya hawa kaɗan ya leƙa ta taga ya sauko.

Ki duba yadda ranarsa za ta kasance a irin wannan tasha. Ya fita bayan karin kumallo, ya ga abu ɗaya ko biyu, ya dawo ɗakinsa ya yi azahar, ya ci abinci, ya yi ƙailula, bayan la'asar rana ta yi sanyi ya sake fita, lokacin mutanen bas sun tafi. Bai ɗaure jaka ba, bai sauya gado ba, bai nemi banɗaki a kasuwa ba. Ga dattijo, a ganina, wannan ita ce alfarmar.

Ba Ishbiliya kaɗai ba ce. Tun 1 ga Agustan 2021 Italiya ta hana jiragen da suka wuce tan 25,000 ko tsawon mita 180 bi ta tsakiyar Venis. A Dubrovnik ta Kuroshiya manya suna tsayawa a Gruž, wajen kilomita 3 daga tsohon gari, ƙanana kuwa sukan tsaya daf da ganuwa. Mashigin Korint na Girka, wanda aka buɗe a 1893, faɗinsa bai kai mita 25 ba, sai ƙaramin jirgi. Garuruwan da kansu sun gaji da taron da ake zubo musu lokaci guda, suna ta ƙara dokoki.

Saboda haka kafin ki kalli hoton ɗaki, ki nemi cikakken jadawalin tafiyar, ki bi shi layi-layi. Ƙarfe nawa ake isa kowane gari, ƙarfe nawa ake tashi? Jirgin da ya iso 8 na safe ya tashi 1 na rana bai ba ki garin ba, ko da sunan garin na cikin talla da manyan baƙaƙe. Sannan ki duba ko a bakin tasha ake ɗaure shi, ko kuwa a cikin ruwa yake tsayawa. Sau da yawa sukan sa ɗan zanen anga a gefen sunan garin, alamar cewa jirgin zai tsaya nesa kaɗan, a riƙa kai mutane gaɓa da kwalekwale mai inji. Ga matashi wannan abin nishaɗi ne. Ga Malam kuwa, zai sauka matakala ta gefen jirgi, ya tsaya a kan ɗan dandamali, kwalekwalen na hawa yana sauka da igiyar ruwa, ma'aikata biyu su riƙe shi ta damtse, su jira daidai lokacin da ƙasan biyu suka daidaita, su ce ya taka. In teku ta ɗan harzuƙa, kyaftin na iya soke tsayawar gaba ɗaya, kuma takardar da kika sa wa hannu ta ba shi wannan ikon ba tare da an mayar miki da ko dala ba. Ki ƙirga tasoshin da ke da wannan alamar. In sun yi yawa, ki nemi wani jadawalin. Daɗin hanyar da kika gani shi ne garuruwan da kika lissafa duk suna da tashar da ake ɗaure jirgi.

Yanzu ga inda ban yarda da masu talla ba. Andalus ɗin da Malam ke ambato, mafi yawanta a tudu take. Ƙurɗuba da Garnaɗa, wato Córdoba da Granada, ba jirgin teku da ke zuwa can, babba ko ƙarami. Daga Malaga zuwa Garnaɗa kusan kilomita 130 ne. Wasu ƙananan jiragen suna tsayawa a Motril, wadda ta fi kusa, wajen kilomita 70, kuma in kin ga Motril a jadawali, to don Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Garnaɗa, aka sa ta. Amma ko ta ina aka bi, yini guda ne na mota da tafiyar ƙasa. Fadar Alhamra a kan tudu take, zagayenta yana cin wajen awa uku, kan daɓen duwatsu da matakala. Tikitin shiga da sunan mutum ake yin sa, ana duba fasfo a ƙofa, kuma fadojin Banu Nasr, sarakunan Musulmi na ƙarshe a Garnaɗa, inda aka zana "wa la galiba illallah" a bango ba iyaka, suna da ƙayyadadden lokacin shiga. Wanda ya makara ya rasa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana karanta Ashafa, ya zo garin da mawallafinsa Alƙali Iyad ya taɓa yin alƙalanci, bai kamata a riƙa duba masa agogo ba. Shawarata, tunda tafiyar a Malaga take ƙarewa, ku ƙara kwana uku ko huɗu a ƙasa: biyu a Garnaɗa, ɗaya ko biyu a Ƙurɗuba. Jirgin ƙasa mai sauri ya haɗa garuruwan. A Garnaɗa akwai masallacin da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaicín, yana fuskantar Alhamra, in kun dace da Juma'a.

Abu ɗaya ki shirya masa zuciya a kai tun daga gida. Babban masallacin Ƙurɗuba, wanda Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen 785, coci ne tun 1236. Ginshiƙansa sama da 800 suna nan, mihrabinsa yana nan da adonsa, amma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, masu gadi suna hanawa. Na ga dattawan da abin ya zo musu ba shiri, ransu ya ɓaci har suka kasa kallon sauran. Gara ya ji daga bakinki.

Ɗanja kuwa, Tanger a takarda, tashar tana ƙarƙashin tsohon gari, sai dai garin a kan tudu yake, hawa ne sosai. Ku ɗauki taksi zuwa sama, wajen kasba, wato tsohuwar unguwar fada mai ganuwa, ku gangaro a hankali. A nan aka haifi Ibn Baɗuɗa a 1304, wanda a 1353 ya zo har Takadda, cikin ƙasarmu ta yau. Daga saman, in gari ya washe, ana hango gaɓar Sifaniya. Mashigin tekun da ya raba Maroko da Sifaniya, a inda ya fi ƙunci, kilomita 14 ne kacal, kuma shi Ɗariƙ bin Ziyad ya ƙetare da rundunar Musulmi a 711.

Sai maganar jiki, wadda ita ce rabin tambayarki. Ƙaramin jirgi ya fi babba rawa a kan ruwa, wannan ba makawa. Hanyarku kuma ta fara ne a Tekun Atlantika, tsakanin Lisbon da Kadis, inda igiyar ruwa ke da tsawo da nauyi, ga iskar gabas da kan taso a mashigin. Wanda bai taɓa kwana a kan teku ba, ba wanda ya san yadda cikinsa zai karɓa sai an tashi. Ki zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa. Masu tsadar suna sama ko can gaba, kuma su suka fi jijjiga, abin dariya. Maganin jiri da tashin zuciya kada a saya masa a kan hanya. Wanda ake mannawa a bayan kunne bai dace da mai hawan jinin ido ba, ko mai wahalar fitsari irin ta dattawa, kuma yakan rikita tsofaffi. Likitansa ne zai zaɓa, musamman da yake mai suga in ya yi ta amai bai ci abinci ba, lissafin maganinsa ya rikice.

Ki tambaya a rubuce ko jirgin na da na'urar hawa bene. Kada ki ɗauka kowane jirgin alfarma na da ita. Masu filafilan iska, waɗanda suka fi kyau a hoto, da yawansu ba su da ita: Wind Star da Wind Spirit na Windstar babu, na Star Clippers ma babu, matakalansu kuma a tsaye suke. Waɗannan ki cire su daga lissafi. Jirgi mai ɗaukar tsakanin 180 da 350, mai na'urar hawa da likita, shi nake gani daidai da Malam.

Likitan jirgi yana da ɗan ɗakin shan magani, yana iya tsayar da abu kafin a kai gaɓa, kuma ganinsa da kuɗi ne, ba ya cikin tikiti. In abu ya yi tsanani, sauke mutum ake yi a gari mafi kusa, jirgi ya wuce. Nan ne inshora ke aiki. Wadda ake nema don biza, mai ɗaukar nauyin Yuro 30,000, ita ce mafi ƙanƙanta da doka ta yarda. Ki sayi wadda ta fi ta, ki tabbata ta karɓi shekarunsa, ta ambaci tafiyar jirgin ruwa, ta kuma yarda da ciwon da yake da shi tun kafin tafiya, don da yawa a nan suke zillewa. Magungunansa su kasance cikin jakar hannu, da takardar likita, da ƙarin na mako guda. In allurar insulin yake yi, a sanar da kamfani tun wuri don wurin sanyaya ta.

Biza ita ce inda mutanenmu suka fi yin asara, kuma a nan nake so ki fi natsuwa. Fotugal da Sifaniya suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, Maroko kuwa, inda Ɗanja take, ba ta ciki. Jirgin da ya je Ɗanja ya dawo Malaga ya fita yankin ya sake shiga. Bizar shiga sau ɗaya ba ta isa ba, sai mai shiga fiye da sau ɗaya, ko da Malam ya ce shi ba zai sauka a Ɗanja ba. Ranar shiga jirgi ma'aikata suna duba wannan, in bai cika ba ba za ku hau ba, kuɗi kuma ya tafi. Ƙa'ida ita ce a nema a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, a hanyarku Sifaniya ke nan, kuma tana da ofishi a Yamai. Na Faransa, wanda mutane suka saba da shi, a rufe yake tun Janairun 2024. Kuɗin biza Yuro 90 ne tun Yunin 2024, kusan jikka 59, ba a mayarwa in an hana. Ana iya nema tun saura wata shida, amsa kan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45. Ana ɗaukar zanen yatsu, don haka Malam da kansa zai je Yamai, kusan kilomita 900, ki sa wannan cikin lissafin wahalarsa. Ɗan Nijar yana shiga Maroko ba biza, amma ki sa kamfanin ya rubuto miki takardun da yake buƙata ga mai fasfon Nijar a kowace tasha, ki ajiye amsar. Fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa.

Wahalar ita ce ofishin jakadanci na son ganin shaidar an kama wuri, kamfani kuma na son kuɗinsa. Yawanci ana ba da kafin alƙalami, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, a cika sauran saura wata uku ko huɗu, daga nan kuma tarar sokewa ke hawa har ta cinye kuɗin duka. Dabarar ita ce ki kama wuri da wuri sosai, ki nemi biza da zarar wata shidan ya buɗe, amsa ta fito kafin ranar cika kuɗi. Hana biza ba dalili ba ne na mayar da kuɗi a wajen kamfani, sai in inshorarki ta ambace shi da sunansa.

Farashin kansa, a irin waɗannan jirage, yakan fara daga wajen Yuro 500 ya wuce 1,000 a kowane dare ga mutum ɗaya. Yuro ɗaya sefa 656 ne, to kwana bakwai ya kama daga miliyan 2.3 zuwa 4.6 ko fiye, kowane mutum, ban da jirgin sama, otal, biza da inshora. Kuma farashin da kika gani an yi shi ne a kan mutum biyu a ɗaki ɗaya. Ke da Malam ba za ku haɗa ɗaki ba, wanda kuma ya kwana shi kaɗai ana ƙara masa, wani lokaci har ninki. Tunda kusan kuɗin mutum biyu za a biya a ɗakinsa ko ta yaya, ki sa masa ƙaninki ko wani jikansa mai hankali, wanda zai riƙe masa hannu a banɗaki da matakala. Ke ma in da ƴar'uwa, haka.

Wani abin da ba sa faɗa: in an ce "komai na ciki", babban kaso na wannan komai ɗin giya ce. Ku da ba ku sha, kuna biya wa wasu. Wasu kamfanonin, irin su Windstar, suna sayar da tikitin da ba a haɗa giya a ciki ba. Ki gwada farashin da abin da za ku mora da gaske: fita yawon gari da jagora, tukuicin ma'aikata, wanki, intanet. Fitar nan in ba ta cikin tikiti tana da tsada, kuma ga Malam mota ta kanku da jagora mai jin Larabci ko Faransanci ta fi bin ayari.

Harshe ma abin dubawa ne. Yawancin jiragen nan da Ingilishi ake komai, har sanarwar gaggawa. A na Ponant ana yi da Faransanci da Ingilishi, wannan kuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mutumin Damagaram. Akwai kuma La Belle de Cadix na kamfanin CroisiEurope, shi ma na Faransawa, mazauninsa Ishbiliya, yana bin kogin zuwa Kadis, ana kai mutane Ƙurɗuba da Garnaɗa da mota. Bai kai waɗancan alfarma ba, bai kai su tsada ba, kuma yawancin tafiyarsa a ruwan kogi ne mai kwanciya. In tsoron teku ya yi yawa, ki dube shi.

Zaman cikin jirgi ba shi da wuya in an shirya. Naman halal sai an nema a rubuce tun lokacin kama wuri, kuma ba kowane kamfani ke iya kawowa ba. In babu, kifi da kayan lambu da ƙwai sun wadatar, ga teku a ƙofa. Daren farko ki nemi shugaban masu hidimar abinci, ki gaya masa ba alade, ba kitsensa, ba giya ko a cikin miya ko kayan zaƙi, ga kuma mai suga. A nan ƙanƙantar jirgi ke amfani: zuwa washegari duk sun san Malam, sun san shayinsa. A gari ne za ku fi sa ido, don mutanen Sifaniya suna sa naman alade a abin da ba ki zata ba, har cikin wake da miya. Kilishi kada a ɗauko, an hana shiga Tarayyar Turai da nama a jaka. Turaren wuta, gawayin shayi, dutsen guga, duk an hana a jirgi, don ba abin da ma'aikatan teku ke tsoro kamar gobara. Buta kuwa a sa ta farko a jaka, ta roba ƙarama, banɗakunansu ba a yi su don mu ba. Babbar riga da hula sun isa duk wata liyafar dare. Wajen wurin wanka na saman jirgi mutane na kwance ba sutura sosai, don haka ɗaki mai baranda ya cancanci ƙarin kuɗinsa: ya zauna da carbinsa da littafinsa, ga teku, ba ruwansa da kowa.

Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, kuma na'urar waya takan ruɗe cikin ƙarfe. Talabijin ɗin ɗaki na da tashar da ke nuna inda jirgin ya dosa, ma'aikata ma suna faɗa in an tambaya. A nan gida muna fuskantar gabas mu ɗan karkata arewa, a Andalus kuwa gabas ne a ɗan karkata kudu. Hukuncin ƙasaru da sallar cikin jirgi, wannan kam Malam ne zai koya mana. Kafin a tashi za a tara kowa a nuna rigar ceto da wurin taruwa. Dole ne, an ƙara tsananta shi bayan haɗarin jirgin ruwan Costa Concordia na 2012, kada ya ɗauka wani abu ne ya faru.

Agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, Sifaniya na gaban Nijar da awa ɗaya, Lisbon kuwa daidai take da mu, Ɗanja ma haka in ba cikin azumi ba. Waya na sauya lokaci da kanta, wani lokacin ta kamo na ƙasar da ke tsallake. Ku bi agogon jirgi kawai. Jirgi ba ya jiran wanda ya fita da kansa ya makara. Don haka ma ku isa Lisbon kwana biyu kafin ranar tashi, saboda jirgin sama na iya makara ko jaka ta ɓace, Malam kuma ya huta gajiyar hanya.

Lokacin tafiya, Afrilu da Mayu, ko ƙarshen Satumba da Oktoba. A Yuli da Agusta zafin Ishbiliya da Ƙurɗuba na wuce 40. Na san za ki ce mu da muka saba da bazarar Damagaram, amma a bazara ba wanda ke fita yawon ƙafa na awa uku da tsakar rana a kan dutse. Dama a watannin da na zaɓa miki ne jiragen suka fi bin wannan hanyar.

In da ni ne, da sharaɗi uku zan biya: jirgin ya hau kogi ya kwana a Ishbiliya, yana da na'urar hawa da likita, kuma an ƙara kwanakin Garnaɗa da Ƙurɗuba a ƙasa. In jadawalin ya ce Kadis kawai, Ishbiliya da bas, to kuɗin ƙaramin jirgi bai biya ba. Gara ku sauka Kasablanka, ku hau jirgin ƙasa na Al Boraq zuwa Ɗanja, awa biyu da ƴan mintuna, ku ƙetare da jirgin fito zuwa Tarifa cikin kusan awa ɗaya, ku ci gaba a ƙasa kuna kwana biyu-biyu. Zai ga teku, zai ƙetare mashigin, kuɗin kuma zai ragu sosai, sai dai ɗaure jaka da sauya gado.

Kafin ki biya ko sisi, ki kai shi wajen likitansa da jadawalin a hannu. Sannan ki gwada shi a gida: da sanyin safiya, ya taka daga Zango zuwa ƙofar fada a hankali, da sandarsa, yana hutawa inda ya so. Yadda gwiwar ta kwana a daren, da yadda ta tashi washegari, shi zai gaya miki ko za a ƙara kujera mai taya cikin kaya. Kamfanonin suna karɓar mai naɗewa in an sanar da su tun lokacin kama wuri. A gaida Malam, a ce ya sa mu a addu'a.